Sabwufata tana ɗauke sauti tana dawowa: daga ina ya kamata in fara bincike?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kayan sauti. Ina da sabwufa, wato sifikar da ke fitar da bas, mai inci 12 wadda amfilifayarta take a jikinta, an haɗa ta da risiba, wato na'urar da ke raba sauti ga sifikoki, ta wayar sauti ta RCA guda ɗaya, kuma ta shekara shida tana aiki ba ta taɓa ba ni matsala ba. Kimanin wata biyu ke nan da ta fara ɗauke gunji a tsakiyar kallo. Sauran sifikoki biyar suna ci gaba da aikinsu lafiya lau, amma bas ɗin sai ya ɓace gaba ɗaya, wani lokaci na daƙiƙa biyu ko uku, wani lokaci kuma sai an jima sosai kafin ya dawo. Na canza mata soket, na kuma duba fis, duka lafiyarsu ƙalau. Kafin in ɗauke ta zuwa wurin mai gyara, ina so in san ko akwai abin da zan iya gwadawa da kaina, domin abin yana damuna ƙwarai.

Malam Mai Soda:
Wa alaikumus salam, Baban Amira. A sanina da wannan aiki, idan sabwufa ta haura shekara biyar ta fara irin wannan hali, kafasita, wato ɗan kayan lantarkin nan da ke riƙe caji, ita ce abin zargi na farko. Kafasitocin da ke ɓangaren wutar amfilifaya suna da ruwa a cikinsu, kuma zafi yana busar da shi a hankali. Ƙa'idar da masu ƙera su suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage musu kusan rabin kwanansu, shi ya sa waɗanda aka rubuta wa digiri 105 suka fi masu 85 juriya. Amfilifayar sabwufa kuwa a rufe take cikin akwati, ga zafi ga girgiza. Idan aka buɗe fanel ɗin, wato allon da kayan lantarkin suke kai, aka ga kan wata kafasita ya kumbura, ko gam ɗin da aka liƙe su da shi ya koma ruwan ƙasa mai duhu, to an samo bakin zaren.

Injiniya:
Malam Mai Soda, bayaninka a kan kafasita daidai ne, sai dai ban goyi bayan a fara daga nan ba. Buɗe fanel shi ne mataki mafi wahala kuma mafi haɗari, alhali akwai dalilai da yawa da ke sa sabwufa ta yi shiru ba tare da komai ya lalace a cikinta ba. Baban Amira, ina roƙonka ka ba mu amsar abubuwa uku bayan ka zauna ka lura da kyau, kada ka amsa da ka. Na farko, 'yar fitilar da ke jikin sabwufar tana canza launi ko tana mutuwa a lokacin da sautin ya ɗauke? Na biyu, kana jin wani ɗan ƙara, kamar ƙas, daga bayanta kafin ta yi shiru ko kafin ta dawo? Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, me ake yi a cikin abin da kake kallo a daidai wannan lokaci: ana hira ne a hankali, ko kuwa ana tsakiyar rugugi? Ka kuma faɗa mana inda maɓallin wuta na bayanta yake, a kan On ko a kan Auto.

Baban Amira:
Na gode, Injiniya. Na ɗauki dare biyu ina lura, har na juyo bayan sabwufar yadda zan riƙa ganin fitilar, kuma na gano cewa abin kashi biyu ne. Kashi na farko yana faruwa ne idan an daɗe ana hira a fim ko kuma na rage murya da dare: fitilar sai ta koma ja daga kore, da ɗan ƙas ɗin da ka ambata, sa'an nan idan wurin rugugi ya zo sai farkonsa ya wuce babu bas, daga baya ta farka. Kashi na biyu kuwa a tsakiyar rugugi yake zuwa, fitilar tana nan kore, babu ƙas, sautin ne kawai yake yankewa yana dawowa. Maɓallin yana kan Auto tun ranar da na saye ta.

Injiniya:
Madalla, wannan lura ta rage mana rabin aiki. Mu ɗauki na farko tukuna, domin ina da yaƙinin ba lalacewa ba ce. Idan maɓalli yana kan Auto, akwai wani ɗan sashe a cikin sabwufar da aikinsa kawai shi ne sauraron abin da ke shigowa ta wayar RCA. Muddin siginar ta kai wani ɗan ƙarfi, 'yan milibolt kaɗan, zai bar amfilifayar a kunne. Idan ta yi ƙasa da haka na tsawon wani lokaci, wanda a yawancin sabwufoyi yake tsakanin minti 10 zuwa 20, sai ya ɗauka an gama kallo ya kashe ta. Matsalar ita ce wannan sashe ba ya bambanta tsakanin an kashe risiba da kuma ana turo sigina maras ƙarfi, don haka hira a hankali da rage murya da dare duka shiru ne a wurinsa.

Abin tambaya shi ne, me ya sa siginar ta yi rauni yanzu alhali shekara shida ba ta yi ba? Ka shiga saitin risibarka ka duba abubuwa biyu. Ɗaya shi ne matakin ƙarfin da aka ba sabwufa, wanda a risibobi da yawa yake tsakanin -12 zuwa +12 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), a wasu kuma -10 zuwa +10. Ɗayan shi ne girman da aka rubuta wa sifikokin gaba, wato Large ko Small. Wannan na biyun mutane da yawa ba su fahimce shi ba, suna ɗauka girman akwatin ake nufi. Abin da yake nufi shi ne inda bas zai tafi. Idan an sa Large a duk sifikokin, risiba za ta bar wa kowace bas ɗinta duka, sabwufa kuma ba za ta samu komai ba sai abin da ke cikin tasharta ta musamman, wato LFE, wadda ita ce ".1" ɗin da ke cikin 5.1, tsarin sauti mai tashoshi biyar da ɗaya ta bas. Tashar LFE ba ta wuce Hz 120 (Hz ma'aunin amo ne, ƙaramar lamba tana nufin amo mai kauri), kuma masu haɗa sautin fim ba sa zuba mata komai sai a wuraren fashewa da tsawa da makamantansu, don haka tana iya yin minti ashirin babu ko ɗigo a cikinta. A waƙa ko shirin talabijin mai tasha biyu kuwa, babu LFE sam.

Maman Khalifa:
Ina bin wannan tattaunawa da sha'awa domin na sha irin wannan wahala, duk da cewa tawa sabwufar marar waya ce, irin wadda take zuwa tare da doguwar sifikar da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin. Ita ma yankewa take yi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, fitilarta kuma tana ƙyaftawa. Daga ƙarshe na gano cewa rautar intanet da ke kusa da ita ce take shiga mata, domin dukansu a zangon GHz 2.4 suke aiki. Da na matsar da rautar nesa, na kuma mayar da wayoyin gidan zuwa zangon GHz 5, sai abin ya tsaya. Na faɗi haka ne saboda masu karatu da tasu ba ta da waya.

Injiniya:
Hajiya, kin kyauta da kika kawo wannan. Ga mai sabwufa marar waya nan ne wurin farawa, kuma na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ma tana aiki a kusa da GHz 2.45, tana iya haddasa irin wannan yankewa idan tana kusa. Ta Baban Amira dai mai waya ce, saboda haka mu jira abin da zai gani a saitinsa.

Baban Amira:
Injiniya, na duba. Matakin sabwufar yana kan -12, wato ƙarshen ƙasa, sifikokin gaba kuma suna kan Large. Yanzu na tuna abin da ya faru. Wata biyu da suka wuce mun sake tsarin ɗakin, na mayar da sabwufar kusurwa, sa'an nan na sake yin gwajin nan na atomatik da makirufon da ya zo da risibar. Ban duba sakamakon ba, na amince da shi kawai. Abin murɗawa na ƙara murya da ke bayan sabwufar kuwa ya wuce rabi sosai, kusan kashi uku cikin huɗu.

Injiniya:
To ga dalilin nan a fili. Kusurwa tana ƙara wa bas ƙarfi saboda bango biyu da ƙasa suna mayar da shi cikin ɗaki, ga kuma abin murɗawa a sama, sai makirufon ya ji sabwufar ta fi sauran sifikoki ƙara nesa ba kusa ba. Risibar ta yi abin da aka gina ta ta yi, ta rage siginar har iyakar abin da za ta iya. Duk lokacin da ka ga lambar ta tsaya a ƙarshen ƙasa, alama ce cewa risibar ta so ta ƙara ragewa amma ta rasa hanya, wato daidaiton bai ma cika ba.

Gyaran shi ne a juya lissafin. Ka rage abin murɗawar sabwufa zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, ka sake gwajin, ka ci gaba da daidaitawa har lambar ta faɗo wajen -5 zuwa -3. Ƙarfin da kunnenka zai ji bai canza ba, amma siginar da ke bin wayar ta ƙaru, sashen Auto kuma zai riƙa jin ta. Bayan gwajin ka mayar da sifikokin gaba zuwa Small da hannunka, ka sa mahaɗar rabon sauti, wato iyakar da bas ɗin da ke ƙasa da ita yake komawa sabwufa, a Hz 80, wadda ita ce ma'aunin da kamfanin THX mai tsara ma'aunin sautin fim ya tsayar kuma aka fi bi. Ta haka duk abin da ke ƙasa da Hz 80 daga kowace tasha zai bi ta sabwufa, har a waƙa. Ka kuma kula da yanayin da ake kira Direct ko Pure Direct, domin a risibobi da yawa yana tsallake wannan rabo idan sautin mai tasha biyu ne. Idan duk da haka tana barci da dare, kuma bayanta yana da ramuka biyu na shiga, hagu da dama, ka samo waya mai rassa biyu ka cika su duka. A sabwufoyi da yawa wannan yana ƙara siginar da kusan dB 6. Amma kafin komai, yau da dare ka mayar da maɓallin kan On ka ga ko kashi na farko zai ɓace.

Ɗalibin Lantarki:
Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Idan On yana magance matsalar, me zai hana a bar ta a haka kullum a huta da duk wannan saiti?

Malam Mai Soda:
Bari in amsa maka wannan, ɗalibi, domin ya shafi ɓangarena. Ana iya barin ta, kuma wasu suna yi, musamman masu amfilifaya ajin D wadda ba ta cin wuta sosai idan ba ta aiki. Amma tsofaffi masu ajin AB suna ɗumi ko da babu sauti, ka taɓa ƙarfen bayansu za ka ji, kuma wannan ɗumi na dare da rana shi ne yake cinye kafasitocin da na yi magana a kansu. Idan risiba da sabwufa duka suna da ramin da aka rubuta wa Trigger na bolt 12, wannan ya fi Auto da On duka, domin risibar ce da kanta za ta riƙa kunna ta tana kashe ta.

Alhaji Dattijo:
Ina so in ƙara wani abu a kan kashi na biyu, tunda ya ce ya canza wa sabwufar wuri. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar sautin Hz 40 tsawonta ya haura mita 8 da rabi, wato ta kai girman ɗaki ko ta fi shi. Idan ta bugi bango ta dawo, akwai wuraren da take haɗuwa da mai zuwa su soke juna. Wanda ya zauna a irin wannan wuri zai ji wasu amon bas suna fitowa da ƙarfi, wasu kuma kamar ba a buga su ba, sai ya rantse sabwufar ce take yankewa. Na taɓa ɓata mako guda ina neman lalacewar da babu ita, ashe kujerar ce take tsakiyar ɗaki.

Injiniya:
Alhaji, wannan magana ce mai nauyi, kuma akwai hanya mai sauƙi ta raba gardama. Matsalar ɗaki tana bin amo da wurin zama, ba ta bin lokaci. Baban Amira, ka samo sautin gwaji mai amo ɗaya tak, misali Hz 50, ka kunna shi da matsakaiciyar murya, ka durƙusa kusa da sabwufar ka ɗora yatsa a hankali a gefen takardar sifikar, wato faifan da ke rawa yana fitar da sauti. Idan takardar tana rawa ba tsayawa amma a kujera ba ka ji, maganar Alhaji ce. Idan kuwa takardar da kanta take tsayawa tana ci gaba, to yankewar ta gaske ce.

Baban Amira:
Ga sakamako bayan kwana huɗu. Da na sa On, kashi na farko ya ɓace nan take. Na sake gwajin kamar yadda aka ce, lambar ta tsaya a -4, na mayar da Small da Hz 80, na koma Auto, kuma har yanzu fitilar ba ta sake yin ja a tsakiyar kallo ba. Waƙa ma ta yi daɗin da ban taɓa ji ba. Amma kashi na biyu yana nan. Da sautin Hz 50, takardar tana tsayawa cak a ƙarƙashin yatsana sa'an nan ta ci gaba, kuma abin yana ƙaruwa idan na ƙara murya.

Malam Mai Soda:
Yanzu an shigo fagena, amma zan bi tsarin Injiniya, domin na ga amfaninsa. Yankewa a lokacin ƙara mai ƙarfi tana da tushe biyu da ake rikita su: zafi da girgiza. Idan zafi ne ya sa amfilifaya ta kare kanta, ba ta yi tun farkon kunnawa, sai ta ɗauki lokaci tana aiki, ƙarfen bayanta zai yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba, kuma idan ta ɗauke sai ta huce kafin ta dawo, ba daƙiƙa biyu ba. Taka tana yankewa tana dawowa nan da nan, fitila kuma a kore, wannan ya fi kama da wani haɗi da ya saki wanda girgiza take buɗewa tana rufewa.

Ka yi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa biyu a lokaci guda, in ba haka ba ko ta gyaru ba za ka san abin da ya gyara ta ba. Ka bar sautin gwajin yana tafiya da ƙaramar murya, ka motsa kan wayar RCA a hankali a bayan risiba, sa'an nan a bayan sabwufa. Bayan haka ka sa wata wayar dabam ka maimaita. Sa'an nan ka cire risibar daga lissafi gaba ɗaya, ka haɗa sabwufar kai tsaye da wayar hannu ko kwamfuta, bayan ka rage murya ƙasa sosai. Daga ƙarshe ka murɗa abin ƙara murya da na rabon sauti gaba da baya sau da yawa, ka saurara ko za ka ji ƙarƙar, domin datti a cikinsu ma yana yanke sauti.

Baban Amira:
Malam, na bi su bi da bi. A bayan risiba babu abin da ya faru. A bayan sabwufa kuwa, da zarar na ɗan danna kan wayar ƙasa sai sautin ya mutu, idan na ɗaga sai ya dawo. Sabuwar waya ma haka, da wayar hannu ma haka. Abubuwan murɗawar ba su da ƙarƙar. Na kuma lura ramin da kansa yana ɗan motsi, kuma ina zaton lokacin da na tura ta kusurwa kan wayar ya tokari bango.

Malam Mai Soda:
To ba kafasita ba ce, na janye zargina na farko. Ƙafafun ramin RCA an kama su da dalma a jikin fanel, kuma da bango ya tokare kan wayar sai dalmar ta tsage. Irin wannan tsagewa siririya ce kamar gashi, tana zagaye ƙafar, sau da yawa sai da gilashin ƙara girma ake ganin ta. Kafin gyara, idan akwai rami na biyu ka koma kansa ka gani, ko da yake sau da yawa su biyun a jiki ɗaya suke.

Gyaran bai wuce a narkar da tsohuwar dalma a sa sabuwa ba, amma ina gargaɗinka da babbar murya: idan ba ka saba ba, kada ka buɗe. Manyan kafasitocin ɓangaren wuta suna riƙe caji bayan an zare filogi, kuma a wutar bolt 230 abin da ke kansu yana iya kaiwa wajen bolt 325. Ka kai wa mai gyara, ka faɗa masa daidai abin da ka gano. Tunda zai buɗe, ka ce ya duba siraran wayoyin nan biyu masu kama da kitso da ke tafiya daga inda ake haɗa wa sifika waya zuwa takarda, domin su ma suna karyewa a ciki su riƙa yankewa idan takardar ta yi nisa. Ya auna koyil, wato naɗin wayar da ke cikin sifika, da mita: sifika mai om 4 takan nuna wajen 3 zuwa 3 da rabi, kuma lambar kada ta yi tsalle idan an danna takardar a hankali.

Injiniya:
Na yarda da Malam a kan duka wannan. Abin da zan ƙara kawai shi ne, a ce wa mai gyaran ya mayar da roban da ke tsakanin fanel da akwati yadda yake kuma ya ɗaure sukurori duka, domin idan iska tana fita ta nan za a riƙa jin huci a duk lokacin da bas ya buga.

Baban Amira:
'Yan'uwa, na karɓo ta jiya. Mai gyaran ya nuna mini tsagewar da idona, ta zagaye ƙafar tsakiya ta ramin, kuma ya sake dalmar ramukan biyu. Koyil ɗin ya nuna om 3.4 ba ya motsi, wayoyin kitson ma lafiya. Malam Mai Soda, na tambaye shi kafasitocin, ya auna su ya ce babu wadda ta kumbura kuma ba sa buƙatar canji yanzu. Na kunna sautin Hz 50 na tsawon minti goma, na kalli fim guda cikakke, babu yankewa ko sau ɗaya. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Malam Mai Soda:
Amin, Baban Amira. Ka bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin bayanta da bango, ko ka sa waya mai lanƙwasasshen kai, sa'an nan ka sake gwajin makirufon tunda ta ɗan matsa daga inda take, ka duba lambar da girman sifikokin kafin ka rufe saitin.